Daren Sallah nakan gama kaya goma, sauran kwanaki riga ɗaya ta gagare ni

"Assalamu alaikum Malam. Ni tela ne a nan Bauchi, shekarata 37, ina da mata da 'ya'ya huɗu. Bara likitan ƙwaƙwalwa ya duba ni har sau uku, ya ce ina da abin da ake kira ADHD, wato larurar ƙarancin natsuwa. Ya rubuta mini magani, na sha wata biyu, da ya ƙare ban koma ba. Abin da ke damuna shi ne, idan Sallah ta matso nakan kwana a kan keke in gama kaya goma cikin dare biyu, kuma ɗinkin ya yi kyau. Amma ranar da babu matsi sai in wuni a shago ban gama riga ɗaya ba. In yanka wannan in ajiye, in ɗauki waya, in leƙa majalisa, kafin in farga an kira Magariba. Kwastomomi suna guduna saboda saɓa alkawari. Ban da wannan, duk abin da na fara da ɗoki ba ya kai wata uku. Na yi kiwon tantabara, na yi kiwon kifi a bayan gida, na sayi keken hawa, na shiga koyon kwamfuta, duk na watsar. Uwargida ta ce kuɗi kawai nake ƙonawa. Malam, lalaci ne wannan ko larurar ce? Yaya zan yi himma ta ɗore mini? Kuma in haƙura da waɗannan abubuwan sha'awa ne gaba ɗaya?"

Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Allah Ya ƙara lafiya, Ya sa albarka a sana'a. In na fahimce ka da kyau, tambaya uku ka ɗaure a ƙulli ɗaya: ko halinka ne ya lalace, yadda za ka riƙa aiki a ranar da ba kowa a kanka, da kuma hukuncin da za ka yanke wa tantabaru da kifi da keke. Ni ba likita ba ne, ba na rubuta magani. Aikina nazarin halayyar ɗan Adam ne da zama da mutane ana warware irin waɗannan matsaloli, kuma na daɗe ina yin sa tsakanin Bauchi da Gombe. Da wannan idon zan amsa maka.

Ta farkon ba ta buƙatar dogon bayani. Raggo ba ya kwana a kan keken ɗinki. Raggo in ya gudu daga aiki hankalinsa kwance yake, kai kuwa ka wuni kana jin nauyin rigar da ba ka gama ba, ka koma gida da ita a zuciya. Wanda ya zauna ya rubuta wasiƙa irin taka abin yana cin sa.

Abin da larurar take

Hausa ba ta ba wa wannan larura suna guda ba, amma ta daɗe da sanin masu ita. In yaro ne a ce mai ƙiriniya, mai rawar kai, mai kunnen ƙashi. In ya girma sai sunan ya koma shiririta, mantuwa, rashin alkawari. Likitoci ma ba yau suka fara ganinta ba. A 1902 wani likitan yara a Landan, George Still, ya yi bayanin yara masu hankali lafiyayye amma ba sa iya riƙe natsuwa ko danne abin da ya faɗo musu a rai. An daɗe ana ɗauka cewa da girma take wucewa, sai daga baya aka gane da yawa suna shiga girma da ita, illa dai tsalle-tsallen jiki ya ragu, ya koma cikin kai. Kundin ƙungiyar likitocin ƙwaƙwalwa ta Amurka na 2013, wanda ake kira DSM-5, ya kiyasta tana tare da kusan kashi 5 cikin ɗari na yara da kusan kashi 2.5 na manya. Kafin a ce mutum yana da ita, sai alamun sun fara kafin ya cika shekara 12, sun bayyana a wuri fiye da ɗaya, misali gida da wurin aiki, kuma suna jawo masa asara ta gaske. Binciken da aka yi a kan tagwaye ya nuna gado ke da kaso mafi girma a cikinta, wajen kashi 70 zuwa 80. Shi ya sa nakan ce wa mai ita ya waiwaya cikin dangi, sau da yawa akwai wani kawu ko baffa da aka sani da fara abu goma bai gama ɗaya ba. Kuma ka sa ido a kan 'ya'yanka huɗu, da tausayi.

Abin da ke faruwa a ƙwaƙwalwa yana da alaƙa da wasu sinadarai biyu masu kai saƙo, dofamin da noradirenalin, musamman a sashen gaban ƙwaƙwalwa da ke kula da tsara aiki, tuna abin da ake ciki, da jinkirta sha'awa. Ga yawancin mutane, sanin cewa abu yana da muhimmanci ya isa ya tashe su. Tela ya san rigar ta Alhamis ce, yau Litinin, sai ya fara. Ga mai ADHD ladan da ke nesa ba shi da nauyi a zuciya. Alhamis da watan gobe duk ɗaya suke gare shi, sai ranar ta zo ta tsaya a bakin ƙofa. Russell Barkley, wani masanin halayyar ɗan Adam a Amurka da ya shafe rayuwarsa a kan wannan larura, ya sha nanata cewa masu ita sun san abin da ya kamata su yi, aikata shi a lokacinsa ne ke gagarar su. Don haka, a ganinsa, taimakon dole a ajiye shi a daidai wurin da lokacin da aikin zai faru. Duk shawarar da zan ba ka daga wannan tushe ta fito.

Me daren Sallah yake da shi

Ka tuna shagonka daren jajibiri. Janareta na ƙara, yara biyu suna kan kekuna, wani na guga, wani Alhaji ya turo ɗansa ya zauna a kan benci ya ce ba zai tafi ba sai da kaftanin babansa. Duk rigar da ka cire daga keke hannu na jiran ta, kuɗi na shiga aljihu nan take. Ba ka tsayawa tunanin wace za ka fara, wadda mai ita ke zaune ita ce a gaba. Waya ma ba ka san inda take ba.

A wannan daren ba wata sabuwar himma ce ta sauko maka ba. Wa'adin ne ya zo kusa har kana ganin sa da ido, mutane suna kewaye da kai, ladan yana zuwa a take, zaɓi kuma ya ragu zuwa ɗaya. Ranar Talatar da ba kowa, duk waɗannan sun tafi, an bar ka da kanka da tulin ledoji. Aikin da ke gabanka shi ne ka ɗebo kaɗan daga abubuwan daren Sallah ka shuka su cikin ranakun da babu Sallah. Ban ce ka mayar da kowace rana jajibiri ba, jiki ba zai ɗauka ba, kuma kwanan zaune biyu a jere yana da kuɗin da ake biya daga baya.

Fara da ledojin. Na shiga shagunan teloli da yawa, kusan kowa yadin kwastoma a ƙulle yake cikin baƙar leda a ƙarƙashin tebur. Ga wani telan wannan ba komai, littafi ya ishe shi. Gare ka, abin da ya shiga leda ya fita daga duniya. Buga ƙusoshi a bango, ko ka ɗaura igiya, ka rataye aikin wannan mako a fili, kowanne da takarda a maƙale da fil, an rubuta ranar karɓa da babban rubutu. Na mako mai zuwa su zauna a akwati a rufe, don yawan abin gani ma yana rikita ka. Kowace safiya ka sauko da guda biyu ko uku kawai ka ɗora a kan tebur. Taura biyu ba ta taunuwa, balle goma sha biyar.

Ka ce kana yankawa ka ajiye. Wannan magana ta ja hankalina fiye da komai a wasiƙarka. Yanka shi ne sashen da ke da daɗi: sabuwar shadda, sabon awo, alli da almakashi, kai na aiki. Kalmasa da sa maɓalli da guga kuwa maimaici ne, nan ƙwaƙwalwarka ke sulalewa. In kana da yaro a shago, raba aikin a kan wannan layi. Kai ka yanka, ka haɗa, ka yi wuya da aljihu, shi ya ƙarasa. Wannan ba gazawa ba ce, manyan shaguna haka suke aiki da gangan. In ba ka da yaro, ka kafa wa kanka doka ɗaya tak: ba a taɓa almakashi sai riga ɗaya ta hau hanga. Yankan ya zama tukuicin gamawa.

Farawa da safe ita ce mafi wuya ga yawancin waɗanda nake gani. Akwai dabara ƙarama da ta yi wa mutane da yawa amfani: kada ka tashi daga aiki a ƙarshen abu. Da yamma ka bar riga a ƙarƙashin allura, ɗinki ya kai rabi, zare a saƙale. Gobe da ka buɗe shago babu shawarar da za ka yanke, ƙafa kawai za ka ɗora. Da zarar keken ya fara juyawa, mafi yawan lokaci ci gaba ba ya wahala.

Sai maganar alkawari, wadda ita ke korar maka kwastoma. Mai ADHD yakan amsa da sauri, kuma yakan raina tsawon lokacin da aiki zai ci. Mutum ya ce yana so Juma'a, bakinka ya ce to kafin kanka ya ƙirga abin da ke rataye a bango. Koya wa bakinka jumla ɗaya: bari in duba littafi. Ka duba ɗin da gaske, ka ƙirga, sannan duk ranar da zuciyarka ta faɗa maka ka ƙara kwana uku a kai. Wasu za su tafi wani shagon, amma wanda ka ce wa kwana goma ya samu a kwana tara zai dawo ya kawo ɗan'uwansa. Kuma ka riƙa ƙirƙirar ƙananan wa'adi masu fuskar mutum a ciki. Ka ce wa mai kaya ya biyo ranar Laraba bayan La'asar ya gwada. Sanin cewa wani zai tsaya a ƙofarka ranar Laraba ya fi duk wata niyya da za ka ɗaura da dare ƙarfi. Kuɗin kafin alƙalami kuma kada ya wuce na zare da kayan aiki, domin in an biya ka duka tun farko ladan ya riga ya wuce, sai aikin tsirara ya rage.

Lokaci da mutane

Mu a nan muna da agogon da ba ya buƙatar caji: kiran salla sau biyar. Maimakon ka ce yau zan gama kaftani biyu, ka ce kafin Azahar hannuwa da wuya, kafin La'asar haɗawa. Tsakanin hantsi da Azahar ne ke da tsawo, nan mutane suka fi ɓacewa, don haka a yanka shi gunduwa-gunduwa. Wani ɗan Italiya, Francesco Cirillo, ya fito da tsarin aikin minti 25 da hutun minti 5 a ƙarshen shekarun 1980, kuma ya bazu a duniya. Adadin ba wahayi ba ne. Wani minti 15 ne gwargwadonsa, wani 40. Sharaɗin kawai ƙararrawar ta kasance a wajen kanka, kuma kada ta zama wayar da ke da WhatsApp da TikTok a ciki. Ƙaramar waya mai tocila ta isa kwastoma ya same ka. Babbar a kulle ta a durowa, ko a ba maƙwabcin shago ajiya sai an sauko daga Azahar. Na san da wuya. Amma wayar an gina ta ne don ta riƙa ba da sabon abu kowane daƙiƙa, kuma ƙwaƙwalwa irin taka ita ce ta fi saurin kamuwa.

Akwai wata malamar firamare a Gombe da muka yi aiki tare. Takardun jarrabawa sukan kwana uku a jakarta a gida ba ta buɗe ba, tana kuka da kanta. Abin da ya warware mata shi ne ta daina kai su gida. Bayan an tashi sai ta zauna a ofis kusa da wata abokiyar aikinta da ke nata makin, ba hira, ba taimako, zaman kawai. Cikin awa ɗaya da rabi ta gama abin da ke cin kwana uku. Zaman wani mai aiki kusa da kai yana riƙe hankali ta hanyar da nasiha ba ta iyawa. In kai kaɗai ne a shago, ka duba yiwuwar haɗa shago da wani tela, ko ka ɗauki almajirin sana'a ko da don wannan dalili kaɗai. Majalisa kuma kada ka yanke ta, ka ba ta lokacinta, bayan La'asar ko bayan Isha'i, ta zama abin da kake tafiya gare shi bayan aiki.

Tantabaru, kifi da keke

A'a, kada ka haƙura da su gaba ɗaya. Na ga mutanen da suka yi wa kansu wannan hukunci don jin kunya, kuma abin da ya biyo baya bai yi kyau ba. Ƙishirwar sabon abu ba ta mutuwa don an hana ta, sai dai ta nemi wata ƙofa, kuma ƙofofin da suka fi kusa su ne waya har ƙarfe biyun dare, cacar ƙwallo, ko abin da ya fi su muni. Mutumin da ke da abin da yake ɗokin yi bayan La'asar ya fi iya jure aikin safe.

Amma uwargida tana da gaskiya, kuma ya kamata ka faɗa mata haka da bakinka. Kuɗin da ya tafi a tankin kifi da abincinsu daga tukunyar gidan ya fita. Abin da za a gyara shi ne yadda kake shiga abu, tunda mun san yadda yake tafiya: makonni na zafi kamar wuta, ba ka maganar komai sai shi, sannan wata safiya ka tashi ka tarar ɗokin ya tafi. In ka san haka zai faru, sai ka shiga da shirin fita.

Na farko, ka raba abubuwan sha'awa gida biyu. Akwai masu jira, akwai waɗanda ba sa jira. Keke yana jira. In ka jingine shi wata huɗu, iska kawai zai nema. Dara tana jira, ƙwallo tana jira, abin da ka koya na kwamfuta yana nan in ka koma. Mai rai kuwa ba ya jira. Kifi in ka kwana biyu ba ka canza ruwa ba sai ka tarar da su a sama, tantabara in ba hatsi da ruwa ta yi ƙaura ko ta mutu, ga asara ga alhaki. Ban hana ka kiwo ba, amma kada ka sake shiga shi kai kaɗai. In babban ɗanka yana son tantabaru, su zama nasa, kai ka zama mai taya shi gina ɗaki da zaɓen iri. Ranar da naka ɗokin ya yi sanyi, tsuntsayen suna da mai su.

Na biyu, aro kafin saye. Duk abin da ya kama ranka, ka nemi mai yin sa ka bi shi mako biyu. Kana son noman rani, ka bi wani zuwa fadamarsa ranar da ba ka shago. In bayan mako biyu har yanzu kana so, sai a yi maganar kuɗi. Mafi yawan ɗoki ba ya kai wa'adin nan, kuma ka ɗanɗana daɗinsa ba tare da ka biya ba. Ku zauna da uwargida ku yanke adadin da za ka iya kashewa a wata a kan irin wannan, kaɗan, wanda ko ya ƙone ba zai taɓa cefane ba. A cikin wannan adadin ba ta da ƙorafi, a wajensa kai ba ka da izini. Sauran kuɗin ka nisanta shi daga hannunka tun ranar da ya shigo: kuɗin makaranta a biya da wuri, hatsi a saya a ajiye, a shiga adashi. Kuɗin da ke cikin asusun waya, wanda danna uku ke fitar da shi, ba ajiya ba ne ga mai ADHD.

Na uku, ka daina ƙirga abin da ka bari a matsayin gawa. Da yawa daga cikin waɗanda nake gani sha'awarsu zagaye take yi, kamar damina da rani. Wani mai gyaran waya da na sani yana da abu uku da yake juyawa a tsakaninsu shekara da shekaru, in wannan ya gundure shi ya koma wancan, kuma a hankali ya ƙware a dukkansu. Ba dole abin sha'awa ya zama sana'a ko ya kawo riba kafin ya halatta ba.

In ka tambaye ni wanda zan fi so ka farfaɗo da shi, keken hawan ne. Motsa jiki yana cikin abubuwan da bincike ya nuna suna ƙara natsuwa na ɗan lokaci bayan an yi su, yana kuma gyara barci da yanayin zuciya. Tela kuwa wuni yake a zaune. In gidanka da shago akwai 'yar tazara, ka mayar da keken abin zuwa aiki, sai ya daina dogara da ganin dama, ga ragin kuɗin Keke Napep. In kuma ƙwallo ce ta fi maka, ka shiga cikin masu buga ta da safe ko da yamma a filin unguwa, domin abin da ake yi da jama'a ya fi daɗewa: ranar da ba ka zo ba wani zai kira ya ce ina ka shiga. Haka makarantar dare ta manya take, zama a gaban malami tare da 'yan'uwa ya fi niyyar karatu kai kaɗai a ɗaki riƙo.

Kwamfutar ma ban ga ta tafi a banza ba. Ka duba ko za ta shigo cikin sana'arka, ta wajen zanen aikin wuya ko tallan ɗinkinka. Kuma a cikin ɗinkin kansa ka bar wa kanka ƙofar sabon abu: rana ɗaya a mako, bayan an sallami na bango, ka gwada wani yanka da ba ka taɓa yi ba a kan ragowar yadi. Hattara ɗaya dai: irin natsuwar nan mai zurfi da ke kama ka in abu ya yi maka daɗi, har ka manta ci da salla, ita ma cikin larurar take. Kafin ka zauna a kan abin sha'awa ka sa ƙararrawa, ko ka ce wa wani ya tashe ka.

Barci, magani, da iyakar abin da zan iya faɗa

Duk dabarun nan rushewa suke in babu barci. Masu ADHD da yawa barcinsu yakan yi jinkirin zuwa, ga tashin Asuba, sai a wayi gari da rabin ƙwaƙwalwa. Goro da kofi da shayi mai kauri da lemukan ƙara kuzari duk suna ɗauke da sinadarin kafeyin mai hana barci, a tsayar da su daga La'asar. Waya ta kwana a wani ɗaki. Zan kuma faɗi abin da kowa ya sani a cikin masu sana'ar hannu: akwai masu haɗiyar tiramadol don su jure aikin dare, kamar yadda maganin tari mai kodin ya yi ɓarna har gwamnatin tarayya ta hana haɗa shi da shigo da shi a 2018. Masu ADHD sun fi sauran mutane haɗarin faɗawa shaye-shaye. Ban zarge ka ba, amma in wani ya miƙo maka a daren jajibiri, ka san ba maganin larurarka ba ne.

Maganin da ka bari kuwa, ina roƙon ka ka koma wurin likitan. Mantawa da ranar komawa asibiti alama ce ta larurar kanta, likitocin sun saba gani, ba wanda zai yi maka faɗa. Magungunan da aka fi amfani da su iri biyu ne. Akwai masu zaburar da ƙwaƙwalwa irin metilfenidet, wanda aka fi sani da Ritalin, yana aiki a ranar da aka sha, kuma doka ta tsaurara a kansa, sai da takardar likita. Akwai kuma atomoksetin, wanda sai an yi makonni ana sha kafin a ga amfaninsa. Dukkansu suna buƙatar a riƙa duba hawan jini da bugun zuciya, kuma sukan rage cin abinci ko su taɓa barci. In tsada ce ta tsayar da kai, ko rashin samunsa a kantin magani, ka faɗa wa likita kai tsaye. Haka in azumi ya matso, shi zai tsara maka lokacin sha. Asibitin Koyarwa na Jami'ar Abubakar Tafawa Ɓalewa a nan Bauchi da Asibitin Koyarwa na Tarayya a Gombe duk suna da sashen lafiyar ƙwaƙwalwa. Magani ba ya rataye maka riga a bango, amma ga mutane da yawa shi ke sa dabarun su kama.

Wani abu da ba ka tambaya ba, amma kusan duk wanda ya zauna a gabana sai ya kawo shi da murya ƙasa-ƙasa: hankali na tafiya a cikin salla, a rasa raka'a nawa aka yi, sai mutum ya fara zargin imaninsa. Hukuncin rafkanuwa da ƙabli da ba'adi na malamai ne, ka tambaye su. Abin da zan ce daga ɓangarena, ƙwaƙwalwar da ke sulalewa a kan keken ɗinki ita ce dai a kan sallaya, kuma bin jam'i yana sauƙaƙa wa mutane da yawa. Addu'a da zuwa asibiti ba sa karo da juna.

Ban gan ka ba, wasiƙa kawai na karanta. Damuwa mai tsanani, fargaba, da ƙarancin barci suna iya hawa kan ADHD su ninka ta, kuma ba a rarrabe su daga nesa. In ka ga abubuwan da ke faranta maka rai duk sun daina, ko kana jin rayuwa ba ta da amfani, kada ka jira ranar da aka ba ka, ka je asibiti a ranar. Sannan ka sani dabarun da na lissafa su ma za su tsufa. Ƙusoshin bango za su yi aiki mako shida, wata rana ka ga idonka ya daina ganin su. In haka ta faru sai a canza launin takarda, a matsar da igiyar, a sauya ƙarar ƙararrawa, a ci gaba. Kada ka ɗauke su duka a rana ɗaya, wannan ma ɗokin ne. Zaɓi biyu, ni da zan zaɓa maka sai in ce ratayewa a bango da ajiye babbar waya.

Ranar da za ka koma asibiti ka tafi da uwargida in ta yarda. Ita ta ga yadda kake a wata biyun da ka sha magani da yadda ka koma bayan ka bari, kuma bayaninta zai taimaki likita fiye da naka tunin. Ita ma za ta ji daga bakin likita abin da ke damun mijinta. Ku rubuta ranar komawa ta gaba a takarda tun kuna can, ta riƙe kwafi ɗaya, ɗaya kuma ka maƙala shi da fil a bangon shago tare da kayan wannan makon.